Kwana Tara Ina Bin Layin Bas Daga Challawa Zuwa Dakata

Tun ranar da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Kafin kofin farko ya kai bakina wani zai ce, "Mushe Habu, wai da gaske jirgi za su saka a tsakiyar gari?" Mushe ɗin nan na Faransanci ne, kamar a ce Malam. Wani kuma shi dai in faɗa masa ko na ci gurasa. Na ba da labarin nan guntu-guntu har na fara haɗa kansa da ƙafarsa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Ga wanda bai san ni ba, a ofishin tsara gari nake aiki a nan Damagaram, ɓangaren tashoshi da hanyoyi. Bara na haɗu da wata injiniya 'yar Kano a wajen wani taro, Hajiya Binta. Ta ba ni labarin aikin da aka ɗora musu, na tsara sabon layin sufuri da zai haɗa unguwannin masana'antu uku, Challawa da Sharaɗa da Bompai. Na ce mata in rana ta zo ta tuna da ni. Damina na kankama sai ga kiranta. "Malam Habu, mun zo wurin zaɓe. Ko jirgi ko bas, kuma ta ina za a bi. Ka zo ka ga yadda manya ke faɗa a kan takarda." Ban bari ta rufe baki ba na ce ina tafe.

Na shiga motar Kano da sassafe, ni da jakata da keken awo. Keken awon nan taya ɗaya ce da sanda, kana turawa tana ƙirga maka tsawon hanya. Har Matamaye ruwa ake yi, direba na goge gilashi da hularsa. Kusa da ni wani dattijo ne mai sayar da dabino, wanda tun daga tasha yake ba ni shawara kan Kano. Kada in tsaya a tsakiyar titi ina kallon gadar sama. Kada in ce wa kowa ni baƙo ne. "Ko da yake," in ji shi, bayan ya dube ni sama da ƙasa, "kai ba sai ka faɗa ba."

A kan iyaka na jawo wa mota duka jinkiri. Katin shaidata na cikin jaka, jakar kuma na can ƙarƙashin buhunan dabino an ɗaure da tamfol. Sai da aka kwance kaya kaf. Ana cikin haka wani jami'i ya hango keken awo, ya ɗaga shi yana juyawa.

"Malam, wannan keken ina sauransa?"

Na ce ai iyakarsa ke nan, na gwada masa yadda yake aiki. Ashe sun daɗe suna gardama da abokin aikinsa kan nisan da ke tsakanin teburinsu da masallaci. Nan take suka ce in raba musu. Haka na tura taya cikin taɓo, jami'ai biyu na biye da ni, fasinjoji na harara ta taga. Da na karanta musu lamba, wanda ya ci gardamar ya buga mini hatimi yana dariya, ya ce in na dawo akwai rijiya ma da suke son a auna.

Mun sha fura a Daura, muka wuce Kazaure, la'asar sakaliya muka shiga Kano. Abin da ya fara cika mini ido shi ne adaidaita sahu. Mu ma muna da su, amma na Kano kamar farin ɗango suke, rawaya ko'ina, suna kutsawa inda ko akuya sai ta yi tunani. Na nemi ɗan kabu-kabu kamar yadda muka saba, aka ce ai babur ba ya ɗaukar fasinja a cikin gari.

Hajiya Binta ta tanadar mini masauki, amma na ce a gidan yayana zan sauka. Yaya Isuhu ya fi shekara ashirin a Kano, har Hausarsa ta koma ta Kanawa. Da can a wani kamfani yake aiki a Bompai, ya kama haya a Dakata kusa da wurin. Da kamfanin ya rufe sai ya samu aiki a kamfanin jima a Challawa, can ɗaya gefen garin. Gida kuma ya ƙi tashi, saboda makarantar yara da makwabtan arziki. Matarsa Hadiza ta shimfiɗa mini katifa a ɗakin zaure, ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Gidan na bakin hanyar tireloli ne, duk wadda ta wuce sai kwanukan da ke kan kanta sun amsa.

Washegari na ce zan raka shi aiki in ga hanyar da idona. Muna sallame Asuba muka fita. Adaidaita na farko ya kai mu bakin babban titi. Na biyu sai da muka yi kokawa kafin mu samu wuri, ni na ƙare a gaba gefen direba, rabin jikina a waje. A tsakiyar gari muka faɗa cunkoson da suke kira gosulo, muka tsaya cik har na haddace tallar da ke jikin motar gabanmu. Na uku ya sauke mu a Challawa rana ta riga ta take. Yaya bai ko yi mini sallama ba, ya ruga ƙofar kamfani da gudu, mutum mai furfura. Na tsaya ina kallon bayansa, sai na ji aikin da na zo gani ya tashi daga takarda ya dawo cikin gidanmu.

Daga nan na nemi ofishin su Hajiya Binta a Sharaɗa. Na iske maigadi na ce masa, "Don Allah biro nake nema." Ya laluba aljihu ya miƙo mini alƙalami. Na ce a'a, biron Injiniya Binta. Ya ce, "Nata na musamman ne?" Sai da ta leƙo ta taga ta cece ni. Abin da mu ke kira biro su ofis suke ce masa, biro kuwa a wurinsu abin rubutu ne. Har na bar Kano maigadin nan in ya gan ni sai ya taɓa aljihu.

A ciki an baje taswira ta cinye tebur biyu. Nan na haɗu da Alhaji Garba, dattijon da ya yi rayuwarsa a aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya, aka ɗauko shi ya ba da shawara. Shi a wurinsa magana ta ƙare tun kafin a fara.

"Ga dogo nan kwance tun zamanin kakanninmu," in ji shi, yana bin layin da yatsa. "Ya ratsa Sharaɗa, ya kai Challawa. Mutum na da rijiya a gida ya tafi neman ruwa a rafi?"

Hajiya Binta ta ce, "Baba, ba a ƙi taku ba. Amma dogon ta bayan kamfanoni ya bi, mutane kuma ta gaba suke shiga. Ni dogayen bas nake gani, a ware musu layinsu a titi, kada kowa ya shiga."

Ko a cikin masu son bas ɗin ma kai ya rabu. Wasu na son a miƙe ta babban titi, daga Challawa a bi ta Zawaciki a shiga Sharaɗa. Wasu na cewa a karkata cikin Ɗorayi, tunda can jama'a suka fi yawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke gardama. Rabin magana Hausa, rabi Turanci, murya sama kamar za a doku, amma ana kiran Azahar sai ka ga masu faɗan sun jera suna miƙa wa juna buta. Mu a wajenmu in shugaba ya yi magana sai a rubuta, a bari sai an fita a yi gunaguni.

Kwana biyu muka yi muna bin dogo da ƙafa, ni a gaba da keken awo. Alhaji Garba ya san kowace kwana, yana nuna mana inda ake tsayawa da, idonsa na ƙyalli kamar mai zagaya gidan da aka haife shi. Amma gari ya riga ya matso. Nan teloli sun kafa rumfa, can masu walda, gaba kaɗan gidaje sun juya wa dogo baya, tsakaninsu da shi bai fi a shanya tabarma ba. Wata mai ɗanwake da muka ci abinci a wurinta ta tambaye ni ko tashin su za a yi. Na ce ni baƙo ne. Ta ce, "Baƙo da abin awo ai ya fi ɗan gari haɗari." Duk da haka ta ƙara mini mai da yaji. Ɗanwaken nan, jama'a, da ƙwai da kabeji a kai, ban ga laifin wanda ya ƙi komawa garinsu saboda shi ba. Burodinsu ne dai ban gane masa ba, laushi kamar matashin kai, ga zaƙi.

A rana ta biyu na zo tsallake wata kwata da ke fitowa daga bayan wani kamfanin rini, santsi ya kwashe ni, ƙafar dama ta nutse har gwiwa. Na zaro ta shuɗiya fes. Sabulu uku Hadiza ta ba ni, amma kwana huɗu ina alwala mutane na satar kallon ƙafata.

Ranar Asabar aka kira taro a wata rumfa a Challawa, aka gayyato ma'aikata da 'yan adaidaita. Warin jima a can sai wanda ya je. Ni ina toshe hanci, su suna cin gyaɗa. Hajiya Binta ta rataye taswira ta fara bayani, ba ta yi nisa ba wani ƙaƙƙarfan mutum ya miƙe. Malam Ɗanlami ke nan, shugaban 'yan adaidaita na wannan yanki.

"Ranki ya daɗe, mu ba mu iya karanta zane ba, amma mun iya karanta yunwa. Bas ɗaya za ta kwashe abin da mu goma sha muke ɗauka. Mutanen nan da kike gani a bayana kowa da iyali. In kin zana layinki, ki zana mana inda za mu je mu ci abinci."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Na ga wasu sun fara naɗe tabarma, na ce a raina yau taro ya watse. Sai ga Yaya Isuhu ya ɗaga hannu, mutumin da ko a gida ba ya son dogon zance.

"Malam Ɗanlami, kai ka san ni, ka sha ɗauko ni. Ba mu ƙi ku ba. Amma sau biyu ana ba ni takardar gargaɗi a kan makara, ta uku sallama ce. In aka kore mu, wa za ku ɗauka?"

Hajiya Binta ta ajiye sandar nuni ta ce to, a daina gardama da baki. Za ta nemo doguwar bas haya, a gwada hanyoyin biyu a lokacin tashi daga aiki, da ma'aikata a ciki, Malam Ɗanlami kuma ya biyo su ya zama shaida. Ya ce ya yarda, in dai ba za a hana shi dariya ba.

Ranar Litinin aka gwada ta Ɗorayi. Bas ta cika maƙil, ni ina gaba da agogo da littafi, an ba ni aikin rubuta lokacin da muka isa kowace mahaɗa. Da farko lafiya lau, har ana waƙa a baya. Muna shiga unguwa titi ya fara tsukewa. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, masu shago na janye tebura. A wata kwana direba ya karya kan mota, gaba ya shiga, baya ya ƙi. Ya ja baya, rufin ya ɗauko wayar wutar wani gida. Ya yi gaba, ga rumfar mai nama. Muka tsaya kamar ƙashi a maƙogwaro, motoci suka taru gaba da baya, kowa ya zama malamin tuƙi.

Malam Ɗanlami ya yi dariyarsa har da riƙe ciki. Amma da ya gama sai ya zaro waya. Kafin a jima 'yan adaidaita sun fito ta lunguna kamar an buɗe musu ƙofa, suka kwashe ma'aikatan nan kaf suka fitar da su babban titi. Shi da kansa ya tsaya bayan bas yana ba direba hannu har ta fita. Ya zo taga yana share gumi.

"Ranki ya daɗe, kin gani ko? Wannan giwar taku ba ta shiga lungu. Ku riƙe titi, ku bar mana unguwa. Ku yi mana wurin tsayawa a kowace tasha, mu kawo muku mutane daga Ɗorayi da cikin Zawaciki, mu mayar da su. Amma a rubuta, ba da baki ba."

Ta ce, "Malam Habu, rubuta." Abin da aka kwana ana ja a ofis, ga shi mai adaidaita ya warware shi a tsaye a bakin kwata.

Talata aka gwada babban titi. An roƙi masu kula da hanya suka riƙe mana layi ɗaya a wuraren da aka fi cunkoso, don a ga yadda abin zai kasance in an ware shi. Yaya Isuhu na cikin waɗanda suka hau, Alhaji Garba ma ya zo, ya zauna kusa da ni yana cewa shi kallo kawai ya zo yi. Muka tashi daga Challawa ana tashi daga aiki. Zawaciki, muka sauke muka ɗauka. Sharaɗa, haka. Da muka shiga tsakiyar gari muka ga gosulo a gefenmu, mu kuma muna wucewa sumul, sai motar ta kaure da sowa. Wani ya leƙa taga yana ɗaga wa masu ƙananan motoci hannu kamar ango. Ni kaina na manta da agogo, sai da Hajiya Binta ta taɓa littafin.

Muka iso Bompai, inda zane ya ce nan ne ƙarshen layi. Direba ya kashe mota, ya buɗe ƙofa. Mutum uku suka sauka. Sauran suka zauna suna kallon mu.

Hajiya Binta ta ce, "Jama'a, an iso."

Wata mata mai aikin ɗinkin buhu ta ce daga baya, "An iso ina, Hajiya? Nan wa yake kwana? Kamfani ne ta ko'ina. Mu Dakata muka nufa."

Hajiya Binta ta dubi taswira, ta dubi mutane. Sun zana layi daga kamfani zuwa kamfani, alhali ma'aikaci daga gida yake fitowa, gida kuma yake komawa. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma nemi wanda za ta ɗora wa laifi ba. Ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta, ta ja layin da jan alƙalami har bakin Dakata, ta ce wa direba, "Tayar, mu kai su."

Tsakanin Bompai da Dakata tireloli suka tare mu, jere a gefen titi sun cinye rabinsa. Nan Alhaji Garba ya gyara zama.

"Binta, na ba ki mutane. Amma waɗannan," ya nuna tirelolin, "nawa ne. Fata da buhu da ƙarfe ba su da gida a Dakata, bayan kamfani suke fita, inda dogo yake. Ki rubuta a gyara shi ya ɗauki kaya, titi ya numfasa."

Ta ce, "Baba, da bakinku za ku faɗa a gaban manya, ni ina bayanku."

Abin da suka tsayar ke nan, kuma shi suka miƙa sama: dogayen bas a layinsu daga Challawa har Dakata, adaidaita na ciyar da tashoshi, jirgi ga kaya in hali ya yi. Kada wani ya je Kano gobe ya ce na yi masa ƙarya, har yanzu a takarda abin yake, sai an amince an samu abin aiki. Kwana biyu bayan haka na kamo hanyar gida, littafina cike da abin da zan gwada a tashoshinmu.

Amma a ranar Talatar nan, da bas ta sauke mu a bakin Dakata, ni da Yaya muka taka zuwa gida rana ba ta faɗi ba. Ya yi sallama. Hadiza na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta gan shi, ta dubi inuwar katanga, sai rariya ta suɓuce daga hannunta.

"Innalillahi! Malam, sallamar taka suka yi?"

Ya ce a'a, tashi aka yi, ya dawo. Ba ta yarda ba sai da na sa baki na rantse mata. Ta tsaya tana dariya tana goge ido da bakin zane, ta ce ita ko tukunya ba ta ɗora ba, ba ta saba ganin sa da hasken rana a ranar aiki ba. Yaya ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida, ya zauna ya miƙe ƙafa. Makwabta na wucewa suna gaishe shi, wasu har da tambayar ko jiki ne. Ya daɗe yana kallon layin nasu, masu dawowa daga kasuwa, 'yan makarantar Islamiyya da aka taso, mai ƙosai tana hura wuta. Can ya juyo ya ce mini, "Habu, ashe haka unguwar nan take da yamma."